Kalmar Sallamar Biddy

Merv Kinnear mutum ne da zama bai karɓe shi ba. Ko shayi aka ba shi, a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a waje. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kiwon tumakin wasu a yammacin garin Cobar na ƙasar Ostareliya, har ciwon ƙoda ya koro shi garin Dubbo, ya kama ɗan gidan hayar da ke manne da nawa. Kayansa ba su cika bayan mota ba, amma ya zo da Biddy, jar karyar kiwo mai tsayayyun kunnuwa, wadda ta fi shi rashin haƙuri.

Likita ya yanka masa wankin ƙoda sau uku a mako, asibiti kuwa ba a shiga da kare. Duk ranar da ya fita, Biddy sai ta cika unguwa da haushi, har mai gidan ya ce ko a san yadda za a yi da ita, ko ta bar masa gida. Da gwiwata na da lafiya da na riƙe ta. Abin da ya rage shi ne gidan renon karnukan da ke bayan kasuwar dabbobi, inda ake ajiye kare da safe a ɗauka da yamma. Su kuma ba sa karɓa sai kare ya yi yinin gwaji. In Biddy ta faɗi, daji za a mayar da ita wurin wani makiyayi, Merv kuwa ba shi da kowa sai ita.

To, a bakin makiyaya gwaji gasa ce: a saki tumaki a fili, kare ya bi da su ta ƙofofi, alƙali na kallo. Wata safiya na tarar da shi a bakin kogi yana fito, Biddy ta tara agwagi a gindin bishiya, ko motsi ba sa yi.

Na ce, "Merv, me agwagin nan suka yi maka?"

"Shiri nake, Noelene. Talata gwaji."

"Kai, tsufa bai yi ba! Babu tunkiya ko ɗaya a can. So ake a ga ko za ta yi wasa da sauran karnuka."

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. "Wasa? Biddy ba ta san wasa ba. Aiki take yi."

Daga nan hankalinsa ya tashi gaba ɗaya. Ya je ya leƙa ta shinge, ya ga 'yan karnukan gari farare masu gashi kamar auduga, ya dawo yana cewa wallahi Biddy za ta ɗauka 'yan raguna ne, ta tara su a lungu. Sai ya koma koya mata abu guda, safe da yamma: "Kwanta!" Ta zube, ba za ta tashi ba ko da gidan zai kama da wuta, sai ya sallame ta. Kowane makiyayi da kalmarsa ta sallama, kuma ba ya ba kowa, don a wurinsu karen da ke jin baki biyu ya tashi daga aiki. Ni kaina ban san tasa ba, ƙasa-ƙasa yake faɗinta.

Ranar Talata aka tashi da zafi. Ya yi mata wanka, ya taje ta, ya canja riga, ya sake canjawa, ya hana ni sakat har muka shiga mota. A ƙofa wata budurwa mai suna Shanae ta tarbe mu. Biddy na ganin garken karnukan ta sunkuyar da kai, ta kafe su da ido, ta fara sanɗa. Merv ya firgita.

"Kwanta!"

Ta zube a jikin shinge. Shanae ta ce, "Kai, wannan akwai ladabi!" Lokacin asibiti ya matsa, na ja shi muka wuce.

An ɗaura masa na'ura, jini na zagayawa, ina gefe ina saƙa, sai na ga ya yunƙura zai tashi. Ma'aikaciyar jinya ta danne masa kafaɗa.

"Noelene, ban sallame ta ba."

Bai rufe baki ba wayata ta yi ƙara. Shanae ce, muryarta babu dariyar ɗazu. Inuwa ta janye, Biddy na kwance cikin tsakiyar rana, ta ƙi ruwa, ta ƙi nama, an ja ta ta ƙanƙame ƙasa. "In ba za ta ji maganarmu ba, gaskiya ba za mu iya karɓarta ba."

Merv ya fizge wayar. "Kai mata wayar kunne, 'yar nan." Ya juya mini baya ya yi raɗa. Shanae ta ce Biddy ta ɗaga kunnuwa tana nemansa, amma ba ta tashi ba.

Na ce, "Faɗa wa yarinyar mana!"

"Ba a yi."

"To, riƙe kalmarka, rana ta gasa maka karya. Taurin kai sai ka ce tsohon rago!"

Ya kalli bututun da ke hannunsa, ya kalli ƙofa. Tausayinsa ya kama ni, don na san abin da nake cewa ya bayar.

Ya ce, "Saurara, 'yar nan. Tsaya ta hagunta. Kada ki lallashe ta, ba jaririya ba ce. Ki bugi cinyarki sau ɗaya, ki ce: shayi."

"Shayi?"

"A daji ba a ajiye aiki sai an ɗora butar shayi. Faɗa mata."

Muka ji bugun cinya, muka ji kalmar. Sai ƙarar kwano, sai lasar ruwa, laƙ-laƙ-laƙ, ba ƙaƙƙautawa. Shanae ta saki ihun murna. Merv ya miƙo mini wayar.

Da yamma aka ce ta ci gwaji. Ta ɗan tara ƙananan karnukan a lungu sau ɗaya, Shanae ta ce mata shayi, ta sake su. Biddy ta fito tana tafiya daidai ƙafar yarinyar ta hagu, inda ba ta taɓa tsayawa wa kowa ba sai Merv. Ta gan shi ta rugo, amma kafin ta shiga mota sai da ta waiwaya.

Ya samu abin da yake so, karyarsa ta zauna, amma ban taɓa ganin mai nasara da fuska irin tasa ba. A hanya ya ce, "Sau ɗaya tak ta faɗa mata, Noelene. Ni sai da na yi shekara."

Da muka isa na ɗora buta. Ya karɓi kofin, ya jawo kujera ya zauna, Biddy a ƙafarsa, har shayin ya huce bai kurɓa ba.