Karan Baba Irmiya

Baba Irmiya mutumin Tsafe ne, aikin faci ya kawo shi Sabon Garin Gusau, kuma a nan ya yi furfura. A bakin titi ba ka da mai sauƙin kai kamarsa. Ranar Lahadi kuwa, Allah ya kiyashe ka. Shi ne mai tada masu gyangyaɗi a cocinsu, da wani karan dawa da ya fi shi tsawo. Shekara ashirin da shida bai bar kowa ya runtsa ba. Ya zunguri matarsa, ya zunguri baƙo, ya zunguri wani dattijo da ya rufe ido yana addu'a. Yana son karan nan kamar ransa, don ita kaɗai ce sarautar da ya taɓa riƙewa a duniya.

Sai dai saboda farautar masu barci, bai taɓa jin wa'azi ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba.

Wata Lahadi aka tafka ruwa, mutum tara kacal suka zo, sanyi ya hana su gyangyaɗi. Baba Irmiya ya rasa abin yi, dole ya saurara. Fasto ya karanta inda Linjila ta ce Yesu ya kwanta a jirgin ruwa, ya ta da kai da matashi yana barci, ga iska tana jijjiga jirgin.

"Fasto, mi kac ce?" in ji Baba Irmiya daga baya. "Barci? Shi da kainai?"

"Barci, Baba. Yakan gaji, yakan ji yunwa, har kuka ya yi."

"To da ina cikin jirgin ga da karana fa?"

Mutane suka yi dariya, shi kuwa jikinsa ya yi sanyi.

Mako na gaba a coci ya iske Saude mai ƙosai, wadda tun asuba take gaban wuta, ta saki baki tana barci. Ya ɗaga kara, tausayi ya kama shi, ya ɓuge da kore mata ƙuda. Labari ya bazu. Cikin mako uku rabin coci na sharar barci, har mai kaɗa ganga.

Dattawan coci suka ce ya zaɓa, ko ya tada mutane ko ya miƙa kara. Ya shafa shi, idonsa ya kawo ruwa, ya miƙa wa Labbo tela, wanda ƙeyarsa ta fi ta kowa shan zunguri.

Ranar Baba Irmiya ya zauna a benci karo na farko. Kafin fasto ya yi nisa, munsharinsa ya cika ɗakin. Labbo ya taho da sanɗa yana murmushi, ya ɗaga kara, ya dubi fasto.

Fasto ya girgiza kai, ya rage murya ya ci gaba.