Ranar da Kaka Ta Dafa Ƙafar Alade

Jiya ina dawowa daga laburaren jami'a, tururi mai tsamin ruwan kal, wato binega, da albasa ya fito ta tagar wani gida a unguwarmu ta Port Richmond, nan Amurka, na tsaya cak. Ban taɓa sa ƙafar alade a bakina ba, ba kuma zan sa ba. Amma na san yadda ake dafa ta, kuma a hannun kakata na gani.

Ina shekara goma sha ɗaya muna zaune a hawa na uku na wani tsohon bene. Ƙofarmu tana kallon ta wata tsohuwa baƙar fata, Kirista, wadda ta taso a kudancin Amurka. Kafin Kaka ta zo daga Kano, ita ke riƙe ni bayan makaranta, domin Umma tana aikin jinya, Baba yana tuƙi. Tana da tukunya guda da ta ware mini, ba ta taɓa bari naman da ba ma ci ya shiga ciki ba. Da Kaka ta zo suka shaƙu, ba Turanci ba Hausa. Ni ce tafinta, ni da magana ke yi wa nauyi.

Kaka ba ƙaramar mace ba ce a cikin mutanenmu. Duk suna, duk buɗa-baki a masallaci, ita ke kan babbar tukunya. Farfesun ƙafar saniyarta har daga unguwar Jamaica mai nisa ake zuwa ci.

A hunturun wata shekara ɓarin jikin tsohuwar ya shanye. Ana gobe sabuwar shekara muka shiga gaishe ta da hantsi, muka tarar da ita a kan kujera tana kallon wata leda a kan tebur, hawaye na zuba. Ta ce a al'adarsu da ƙafar alade da wake ake shiga shekara, haka uwarta ta yi, ita ma ba ta taɓa fashi ba. Ɗanta ya aiko da naman, amma babu hannun gyarawa. Na fassara wa Kaka har da sunan dabbar, don kada ta ce ban faɗa ba.

Kaka ta miƙe tsaye. Sai ta ce in ɗauko mata safar hannu da sabuwar reza.

Na tsaya a bakin ƙofar kicin ina kallo. Ta babbake sauran gashin a kan wutar gas, ta kankare tsakanin kofaton kamar yadda take yi wa ta saniya, fuskarta a yamutse. Tsohuwar tana faɗin abin da za a zuba, ina juyawa, Kaka tana musun yawan kal ɗin, wai wannan ai wanki ne ba girki ba. Da aka zo ɗanɗanon gishiri, ta ɗebo romon a cokali ta kai bakin mai shi. Awa huɗu tukunyar tana tafasa, gilashin taga ya yi gumi, dusar ƙanƙara tana sauka a waje. Da muka koma, Kaka ta yi wanka, ta sake kaya, ta yi sallar la'asar.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta ji warin a mayafin da Kaka ta cire, ta tsare ni da tambaya. Ban iya ƙarya ba. Kafin Juma'a labari ya zaga.

Sunan da aka yi bayan nan, wata aka ɗora a kan tukunya. Tuwon da Kaka ta aika gidaje ya dawo a rufe. A Islamiyya yara suka riƙa toshe hanci idan na zauna. Baba ya roƙi Kaka da girman Allah ta ba mutane haƙuri, ta ƙi. Daga baya mata uku suka zo, suka ce in ta yarda ta yi kuskure, ta yi alkawarin ba za ta sake ba, za a mayar mata da ludayinta kafin azumi.

Kaka ta bari suka gama shan shayi.

"Cikina bai ci ba," ta ce. "Matar nan shekara biyar tana wanke wa jikata tukunya daban don ta kiyaye mata addininta. Wace ce a cikinku ta taɓa hawo benen nan ta duba ta? Ku riƙe ludayinku. Baɗi in muna raye, ni zan dafa mata."

Ta dafa, sau uku, har tsohuwar ta rasu. Ba a sake kiran ta kan babbar tukunya ba, ba ta kuma nema ba.

Da na girma na bi littattafai ina neman hukuncin abin da ta yi, na tarar da maganganu masu nauyi. Ban zo in yi maka fatawa ba, mai karatu, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. Yanzu unguwar ta cika da shagunan halal, kowa ya san abin da zai guje wa, amma ni kaina ban san wanda ke bayan ƙofar da ke kallon tawa ba. Har yau a wurin suna akan sami wadda za ta sunkuyo ta tambaye ni ko ni ce jikar matar nan. Da can nakan sunkuyar da kai. Yanzu nakan ce ni ce, kuma ni na miƙa mata rezar.