Avhashoni da Bindigar da Na Sayar Masa

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, Ubangiji ya karɓi ran Avhashoni Ramaliba a bakin shingen gandun namun dajin da ke kan hanyar Alldays, inda ya shekara sha huɗu yana sintiri da ƙafa. Yana da shekara arba'in da ɗaya a duniya. Wata damisa ce ta faɗa tarkon wayar da ɓarayin nama suka ɗana, ya taho bai hango ta cikin ciyawa ba, ta tsinke wayar ta hau shi. Kafin abokin aikinsa ya iso da mota jini ya riga ya ƙare. Bindigarsa kuwa tana gida, a kulle cikin akwatin ƙarfe. Mai rai ya karɓi abinsa, mu ma da muka rage muna kan layi.

Ni ne Mbulaheni Sadiki, mai shagon bindigogi da filin gwajin harbi a bayan garin Musina. Avhashoni, ba uwa ɗaya ta haife mu ba, amma yaya kake ce mini, ni kuma ƙanena nake ce maka, don haka bari in yi magana da kai kamar kana zaune a bencin shagona. Ƙyama ce ta sa na ɗauki alƙalami, fiye da baƙin ciki. Tun ba a rufe kabarinka ba wata ƙazamar magana ta tashi, wai matarka Mukondeleli ce ta kashe ka, tunda ita ta ce ka bar bindigar a gida ran nan. Maganar ta yi ƙarfi har danginka suka sa ranar zama, don a yanke ko za ta ci gaba da zama a gidan da kuka gina tare, ko za ta kwashe kayanta ta koma gidan ubanta ta bar 'ya'yanta biyu a hannun dangi.

Kafin in shiga wannan datti, bari in faɗi ko wane ne aka rasa. Aikinka bin shingen lantarki ne, kilomita sha biyar kullum, da nadin waya a kafaɗa, da filaya, da gorar ruwa. Duk tarkon da ka tsinta sai ka kwance ka taho da shi gida. Wayar da aka murɗa don ta shaƙe wuyan barewa, da ita ka gyara akurkin kajin tsofaffin unguwarku, ban san ko akurki nawa ba, kuma ko kofin shayi ba ka taɓa jira a ba ka ba. Duk watan Disamba, in tsutsar bishiyar mopane, wadda ake ci, ta sauka, kai kake roƙon masu gandun su bar matan ƙauye su shiga su ɗiba, kuma kai kake raka su a ranar hutunka, kana gaba suna baya da bokitai suna tsokanarka wai kai ne mijin su duka. Akwai shekarar da wani mahaukacin kare ya shiga layin masu ɗiban ruwa a famfo. Kowa ya watse, kai ka tsaya har ya rabu da mutane, ka harba sau ɗaya, ka kira likitan dabbobi, sannan ka koma ka taya wata tsohuwa tattara jarkokinta.

Da tsohuwar libarbarka ka yi wannan harbin, samfurin uku-biyar-bakwai mai gajeren baki, wadda ta shekara goma sha ɗaya a ƙugunka har launinta ya koɗe. Mai gyaran shinge hannu biyu yake aiki da su, ba shi da inda zai rataya doguwar bindiga, shi ya sa ta ƙugu ce tasa. Waccan ta dace da kai. Kana mantawa ma tana jikinka, kuma duk Lahadin ƙarshen wata da kake zuwa filina, harsashi shida kake jerawa a wurin da tafin hannu zai rufe.

A filin nan nawa abin ya fara, kuma a gaban idona. Akwai ƙungiyar 'yan Lahadi, maza masu tumbi da manyan motoci, waɗanda ke zuwa su huda takarda na rabin awa, sannan su shafe awa huɗu suna gasa nama suna auna bakin bindigogin juna. Shugabansu ɗan baffanka ne, Thomani, ɗan kwangilar da tafiyarsa mafi nisa a rana ita ce daga kujerar mota zuwa kujerar ofis. Bara ɓauna ta kore ka, ka hau bishiya ka yi awa biyu a sama, kuma kai da bakinka ka ba da labarin kana dariya. Shi ke nan suka samu abin yi. Duk Lahadin da ka zo sai Thomani ya ɗaga libarbarka da yatsa biyu.

"Ɗan'uwa, wannan ta kashe ɓera ce ko ta tsorata kaji? In ka harba wa ɓauna wannan ai cewa za ta yi tafi kake mata. Ka ba Mukondeleli ta sa a jakar coci, kai ka nemi ta maza."

Da farko dariya kake yi. Daga baya na ga dariyar ta daina kai wa idonka, don tsoron ɓaunar nan bai bar ka ba, kuma su sun gane. Ran nan ka tsaya gaban bangon shagona ka nuna ƙatuwar libarbar da ake kira Ɗari-Biyar, wadda ta shekara biyu a rataye kowa na shafa ta ba mai saye. Nauyinta ya haura kilo biyu in an cika ta, tsawonta ya kusa taƙi biyu, kuma in ta tashi shurin da take yi wa hannu har a haƙori ake jin sa.

Ina da wata dabara da nake gwada duk mai sayen babbar bindiga. Nakan juya baya in zuba harsashi in bar gurbi ɗaya ko biyu babu komai, in miƙa wa mutum ba tare da ya san inda suke ba. In ya ja kunama a kan gurbin da ba harsashi, hannunsa zai tona masa asiri. Na yi maka haka. Harbi biyu na farko suka tafi inda suka ga dama. A na uku kunama ta ce ƙyas, ba ƙara ba hayaƙi, amma idonka ya rufe, bakin bindigar ya nutse ƙasa kusan taƙi guda. Jikinka ya riga ya fara tsoronta. Shekara talatin ina wannan sana'a, na san abin da na gani, na kuma san maganar da ta kamata in faɗa. Ka juyo ka dube ni, Thomani da mutanensa suna tsaye a bayanmu da nama a hannu, ka ce, "Yaya, me ka gani?"

Na ce, "Za ka saba."

Kalma uku ke nan, kuma tun ranar Talatar nan ba abincin da na ci bai ɗanɗana mini su ba. Na faɗe su ne don ina son a ce a shagon Sadiki aka sayi Ɗari-Biyar, don na gaji da ganinta a bango, don kuma ban so 'yan Lahadi su ce tsufa ya mayar da ni matsoraci. Lasisin kare kai bindiga ɗaya yake ba mutum, don haka sai da ka rabu da tsohuwar kafin a ba ka sabuwar, kuma ni na cika maka takardun. Wata bakwai ana jiran lasisin ya fito. Wata bakwai ina da damar in kira ka in ce mu fasa, lambarka tana cikin wayata, ban kira ba.

Ba ka saba ba. Sau uku kana dawowa in sauya maka kube. Na ƙugu ya goge maka fata har ya zama gyambo, ga zufa ga zafin Musina. Na ƙirji ya hana ka sunkuyawa ka ɗaure waya. Na cinya yana maƙalewa a ƙaya. Ka fara tafiya a karkace, wuyan hannunka na dama ya kumbura har filaya ta fara gagararka, sannan ka daina zuwa filin gaba ɗaya. Duk zuwan da ka yi ina ganin wannan, abin da na iya yi maka shi ne in ƙara wa ɗamarar soso.

Mukondeleli ce take gasa maka ƙugun da ruwan ɗumi kullum in ka dawo. Safiyar Talatar nan ta ga gyambon ya fara ruwa, ta ce ka huta da ita ko na kwana biyu ne ya kame, ka ji maganarta. Da labari ya iso, aka zaunar da ita a katifar takaba a ƙasa, tana kuka tana maimaita cewa ita ta ce ka ajiye. Matan da suka zo riƙe ta su suka fita da maganar, kafin yamma ta zagaye gari ta dawo da ƙafafu da hannuwa, har da masu cewa dama tana da wani namiji a birnin Polokwane.

Ranar Asabar da muka kai ka, na ga abin da ya ƙona mini rai fiye da ganin akwatin gawarka. 'Yan Lahadi sun zo cikin baƙaƙen kwat, kowane ƙugu a kumbure. A bakin kabari suka nemi su yi harbi sama don girmama ka, sai da fasto ya tsawatar musu. Da aka ɗauki shebur ana mayar da ƙasa, ba ko ɗayansu da ya cire kwat. Amma da aka koma gida aka zuba tuwon masara da naman sa, su ne a gaban layi. Ina jin su da maiƙo a baki suna gardama ko Ɗari-Biyar za ta kayar da damisa da harbi ɗaya, wani ya matso ya tambaye ni a kunne ko 'yan sandan da suka ɗauke ta za su sake ta a sayar. Thomani ya ɗaga murya yadda matan da ke cikin ɗaki za su ji, ya ce da kai ne namiji a gidanka da mace ba ta kwance maka ɗamara ba. Na ajiye farantina na zagaya bayan tanti na yi amai.

Mako biyu bayan haka aka yi zaman, da hantsi, a tsakar gidanka. Gwaggonka Nyadzanga, ƙanwar mahaifinka, ita ce mai yanke magana, ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu. Ni bare ne, sai da na aika aka roƙa mini izini. Na zo da irin ɗamararka da kubenta, na cusa guntun ƙarfe da na yanka daidai nauyin bindigar. Thomani ya gama jawabinsa, mai tsawo, a kan mata masu raba maza da makamansu. Sai na tashi na faɗi duk abin da na rubuta a nan, ban rage gurbin da ba harsashi ba, ban rage kalmomina uku ba. Na ajiye ɗamarar a gaban tsohuwar.

Ta ɗaga ta da hannu biyu, ta jinjina, ta miƙa wa Thomani.

"Ɗana, ɗaura. Ka je famfo ka ɗebo mini ruwa, ƙishi nake ji."

Famfon bai kai kilomita ɗaya ba. Muka zauna muna jiransa. Da ya dawo rigarsa ta jiƙe, jarkar tana hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana tallafe da kuben don kada ya taɓa ƙugunsa. Gwaggo ba ta ko dubi ruwan ba. Ta ce a kira Mukondeleli, ta fito cikin baƙaƙen kaya ta durƙusa, ta fara cewa laifinta ne. Tsohuwar ta katse ta.

"Yi shiru, 'yata. Mutum uku ne a maganar nan. Wannan ya yi masa dariya. Wannan ya ga hannunsa yana rawa ya sayar masa. Ke kika ga ciwonsa kika ce ya huta. Ba inda za ki. Gidan naki ne, 'ya'yan naki ne, duk wanda ya ƙara buɗe baki a kanki da ni yake." Sannan ta juyo gare ni. "Kai kuma, Sadiki, ka yi gaskiya, amma ta zo a makare. Kada ƙafarka ta ƙara taka gidan nan sai ta cire baƙin kaya. Ba na son yaran nan su riƙa gaishe ka da ladabi ba su san me ka yi ba."

Na durƙusa na karɓa, don hukuncin ya yi mini sauƙi. Na fita ta ƙofar da kai da kanka ka ɗaura wa waya, na ji Mukondeleli ta fashe da kuka a bayana, irin kukan da mutum ke yi in an sauke masa kaya, kuma ban da ikon juyawa in ce mata sannu.

Tunda ba zan iya shiga in faɗa ba, a nan nake miƙa ta'aziyyata. Mukondeleli, ki yi haƙuri, ki kuma yafe mini in kin iya, in ba ki iya ba ban ga laifinki ba. Ga 'ya'yansa Lutendo da Rofhiwa, in kun girma kun karanta wannan, ku sani ubanku ba sakarai ba ne, uwarku kuma ba ta yi komai ba sai jinyarsa. Ga Gwaggo Nyadzanga da dukan zuriyar Ramaliba, da abokan aikinsa na shinge, da matan da ba su da mai raka su daji bana, Ubangiji ya ba ku juriyar wannan rashi.

Avhashoni, ƙanena, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka da rahamar da ta fi wadda ka yi wa mutane. Ya sanyaya makwancinka, ya raya abin da ka bari, ya tsare matarka daga bakin mutane. Ni kuma ya ba ni tsawon ran da zan kai ranar da za a buɗe mini ƙofar gidanka, in durƙusa gaban 'ya'yanka in faɗa musu da bakina. Amin.