Hular Malam Atilis

Duk wanda ya zauna ajin kawuna, Malam Sada, a firamaren ƙauyenmu can bayan Wagini, ya san hular nan. Tsohuwar zanna ce da ta koɗe har ba mai iya rantsewa a kan launinta na asali. Zafi ba ya sa ya cire ta, aski ma sai wanzami ya yi ta lallashi. Amma da zarar zai ce "atilis", sai ka ga hannu ya tafi kai, hula ta tashi, sanƙo ya fito yana ƙyalli. Shi ya sa in ka ce Malam Sada ba lalle a gane ba, sai ka ce Malam Atilis.

Daga darasin Turanci abin ya samo asali. A wurinsa kalmomin fifiko, wato mafi kyau, mafi muni, mafi ƙanƙanta, manyan mutane ne masu yawo da hula, hularsu kuwa ita ce "the". "Amma da sun zo bayan at," in ji shi, "sai su tuɓe, don sun shigo gaban na gaba da su." Ya rubuta at best, at worst, da at least, wato atilis ɗin nan tasa, a allo, kowace ya karanta sai ya fizge hula. In kuma bayan aikatau suka zo, wai ganin damarsu ne, su sa ko su cire. A nan sai ya ɗaga hular rabi, ya tsaya da ita a saman kai yana zare mana ido har hannunsa ya gaji.

Ga shi ba ya koyar da darasin nan sai da abu uku a jere. Biyu ba sa yi masa. Yau yara uku, gobe karan dawa uku. Wata rana, don Allah ku tuna, ya aro jakuna uku a gari ya sa aka yi musu tsere a filin makaranta. Biyu suka ruga. Na Mati mai itace ya tsaya cak yana cin ciyawa. Kawu ya nuna shi da bulala ya ce, "Wannan shi ne worst! Ku maimaita!" Muka maimaita da iya ƙarfinmu. Da la'asar sai ga Mati a ƙofar gida yana huci.

"Malam, me jakina ya yi maka? Duk inda na bi yara na bin mu suna Wos, Wos!"

"Mati, kwantar da hankalinka," in ji Kawu, hula a hannu. "Atilis jakinka ya yi suna a boko. Kai fa?"

Har jakin ya mutu Wos ake kiransa, shi kansa Mati daga baya da sunan yake kora shi.

A gida ma ba a tsira ba. Matarsa, Inna Dije, ta taɓa tambayarsa ko tuwonta ya fi na uwata daɗi. Ya ce ba ya yanke hukunci a kan biyu, a kawo na uku. Aka karɓo na maƙwabta. Ya ɗanɗana wannan, ya ɗanɗana wancan, ya gyara zama kamar alƙali, sannan ya tuɓe hula ya ce, "Dije, naki atilis ba ya kisa." Kai! Daga ranar har aka shiga sabon wata gidanmu yake cin tuwo, kullum yana cewa atilis tafiyar ba nisa.

Iska ta yaye kwanon ajinsa, ya ce atilis an samu haske. Fari ya ƙone gero, ya ce atilis bana ba wahalar sussuka. Muna ta dariya. Wallahi ba mu san abin da ke tafe ba.

Da 'yan bindiga suka fara shigo mana, ranar da suka kore shanunsa biyu kacal da ya mallaka, mun je jaje mun same shi zaune da igiyoyi a cinya. "Atilis sun bar mini igiya," ya ce. Aka yi dariya, amma irin wadda ba ta wuce maƙogwaro. Mutane suka fara ɗaure kaya. Ni ma na kwashe iyalina na dawo nan Batsari na buɗe shagon ɗinki, na koma na ce ya zo mu tafi.

"In tafi in bar wa wa ajin?"

"Kawu, wane aji? Hedimasta ya gudu, sauran malamai sun nemi canji!"

"To ka gani, Lawandi. Atilis na zama hedimasta."

Na ce za su kashe shi. Ya cire hula: "At worst ke nan." Ya mayar, ya sake cirewa: "At best kuma su zauna in koya musu wani abu." Raina ya ɓaci, na ce masa taurin kansa ya fi na Wos. Ya ce wannan kwatanci ne na biyu, in nemo na uku.

Ya kuwa haɗu da su. Yana dawowa daga ta'aziyya ta wajen Tsaskiya a kan kekensa, rana tsaka, suka tare shi, su uku a kan babur ɗaya da bindigogi. Suka karɓe keke, suka karɓe takalmi. Ya iso gida ƙafa duk ƙaya. Inna Dije na kuka, shi kuwa sai cewa yake, "Dije, da kin ga yadda suka jeru! Dogo, matsakaici, gajere. Ban taɓa samun misali mai kyau irin wannan ba. Da akwai alli a aljihuna..." Ta ce Allah ya shirye shi. Ya taɓa kansa ya ce atilis sun bar masa hula.

Haka gari ya yi ta zubewa. Gonakin da ke nesa aka daina zuwa, na kusa ma sai da faɗuwar gaba. Inna Dije ta rasu da daminar nan, hanyar asibiti ba ta biyuwa. Na sake komawa, wannan karon da niyyar ko a ɗaure in ɗauko shi. Na leƙa ta tagar ajin. Ɗalibai biyu suka rage masa a makarantar gaba ɗaya. Ya jera su a gaban allo, ya duba hagu, ya duba dama, babu na uku. Sai ya ajiye bulala, ya je ya tsaya a ƙarshen layin, ya ce su faɗi wa ya fi tsufa. Ban iya shiga ba. Na zauna a gindin bango na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Inna.

Da iyayen yaran nan biyu suka tashi, bai yi mini gardama ba. Ya hau bayan babur ɗina kamar buhun hatsi. A Batsari na ba shi ɗakin da ke bayan shago. Yana zaune kan benci daga safe har magariba, hula a ka. Wuta ta ɗauke, na jira, bai ce komai ba. Allura ta karye, na dube shi, shiru. Tsofaffin ɗalibansa su zo su tsokane shi, "Malam, atilis fa?" Sai dai ya yi murmushi ya tambaye su gida. Mutumin da muka yi shekara da shekaru muna roƙon ya bar kalmar nan, ga shi ya bari, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Da aka ɗan samu lafawa, ya ce in kai shi ya ga makarantar. Muka je da hantsi, ina tuƙi ina waige. Ciyawa ta kai ƙugu a cikin ajin. An ɓalle ƙofa, an yi makamashi da bencuna, allon ya tsage biyu. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Na kasa jurewa, na tuɓe tawa hular na ce, "Kawu, atilis bangon yana nan."

Ya juyo ya dube ni. "Mai da hularka, Lawandi," ya ce. "Mu tafi."

Bai kai kaka ba. A nan Batsari muka binne shi, nesa da kabarin Inna Dije, don ranar ma hanyar ba ta biyuwa. Hular tana rataye a ƙusa a shagona, kuma har yau ban iya ɗaga ido in dube ta in ana hira.

Ya Allah, bawan nan naka ya ƙare rayuwarsa yana gode maka a kan mafi ƙanƙantar abin da aka bar masa. Ka gafarta masa, ka haɗa shi da Dijensa, ka ba shi mafi girman abin da ke wurinka. Mu kuma ka mai da mu gida.