Ranar da Inna Ta Ƙi Yin Haƙuri

Duk sanda na ratsa layin masu daddawa a kasuwar Birnin Kudu, warin nan ya bugi hancina, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na Fagam, gaban tukunyar kakata. Inna muke ce mata. Da kalwa ta riƙe gida bayan rasuwar kakanmu, kalwar kuwa daga wata babbar ɗorawa take fitowa, a tsakiyar gonar da ya bari. Da bazara mu yara a gindinta muke wuni muna lasar gari, bakinmu duk ya rine.

A gidan na fara jin "a yi haƙuri", kuma ba kullum ake jin ta ba. Sai an yi mutuwa, ko ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da fid da kai. Mai faɗa sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sassauta murya. In kuwa mutum ne ya yi laifi, da ƙafarsa yake zuwa ya amsa laifinsa, sannan ya ba da haƙuri.

Wata bazara babanmu ya tafi ci-rani, sai ƙanen kakanmu ya shirya da masu katako su sare ɗorawar, bai gaya wa kowa ba. Muna surfe da hantsi maƙwabciyarmu ta shigo tana haki, ta ce ga mutane can a gona da gatura. Inna ta ajiye taɓarya, ta ja mayafi, na bi ta a guje. Muka tarar har sun ci gefe guda, ɓawo ya zube. Ta zauna daidai inda gatari ke sauka, ta jingina bayanta da saran.

Aka kira mai unguwa da liman, ƙanen kakanmu ma ya iso. Mai unguwa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, an riga an gama magana. Kada a ji kanku."

Ta ɗago ta dube shi. "Ranka ya daɗe, ni za a koya wa haƙuri? Na binne miji, na binne 'ya'ya, ban ce uffan ba, don wanda ya ba ni shi ya karɓa. Wannan kuwa ba daga sama ya sauko ba, ga gatarin nan a hannun mutum. Abincin jikokina ne. Ku fara da ni."

Liman ya juya ga ƙanen kakanmu ya ce, "Malam, ai kai ne da ba da haƙuri." Rana ta take, masu gatura suka gaji da tsayuwa suka saɓa kayansu. Shi kuwa sai bayan la'asar ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ya ba ta haƙuri. Ta amsa ba ja-in-ja, ta sa aka dama masa fura.

Yau kuwa, kai ma ka sani, da kalmar nan ake toshe bakin mutane. A ci iyakar gonarka, a yi haƙuri. Ba mai laifi ke faɗa ba, 'yan kallo ne, kuma wanda aka cuta suke taruwa a kansa, balle in mai laifin yana da wani a sama.

Bara wani ɗan masu hali ya banke 'yata da babur tana dawowa daga Islamiyya. Ƙafarta ta karye, ya wuce ko waiwaye. Washegari zaurenmu ya cika da manyan riguna, kowa na cewa in yi haƙuri. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa, sannan na ce wa babbansu, "Alhaji, ina yaron? Ina ubansa?" Na ce haƙuri yana nan na ajiye, amma ba na aike da shi, mai shi ya zo ya karɓa.

A unguwa ana cewa na cika taurin kai. Su faɗa. 'Yata tana tafiya da ɗan ɗingishi, yaron kuma har yau bai zo ba. Ni dai ƙofata a buɗe take.