Jan Kebul ɗin Warsini

A ƙauyukan da ke kewaye da garin Ponorogo, in ana biki ka ji muryar mawaƙiya ta fito tas babu ƙugi, ba sai ka tambaya ba, Pak Darmaji ne, wato Baba Darmaji, a bayan miksa, na'urar daidaita sauti. Siririn mutum ne mai furfura, yatsunsa duk tabon dalma. Shekara talatin yana jigilar lasifikoki a tsohuwar a-kori-kura daga wannan rumfar biki zuwa waccan. Ba shi da faɗa sai a kan abu ɗaya: ka naɗe masa kebul a gwiwar hannu kamar igiyar shanya. Zai karɓe, ya warware, ya sake naɗewa a hankali, zagaye ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, yana harararka har ya gama.

Kebul ɗin kanti ba ya shiga akwatinsa. Naɗi yake saye, ya yanka, ya feƙe, ya liƙa kawunan da dalma da hannunsa. Kebul ɗin makirfo, in ji shi, jijiyoyi biyu ne da raga ta lulluɓe su, kuma miksa ba ta ɗaukar komai sai abin da ya bambanta tsakanin biyun. Duk abin da ya zo iri ɗaya a kansu, ƙugi ne ya shiga a hanya, sai ta zubar. Wannan karatu ya sha yi wa duk wanda tsautsayi ya tsayar kusa da shi, har masu raba shayi sun haddace.

Da kebul ma ya nemi aure. Warsini mawaƙiyar biki ce, ranar da ya fara ganinta makirfonta yana kuka kamar sauro. Bayan mako guda ya kai mata jan kebul mai mita goma, ya ɗure kawunansa da gam don ko ruwan sama kada ya shiga.

Ta jujjuya shi ta ce, "Wasu zobe suke kawowa, Mas."

Ya ce, "Zobe ba ya hana ƙugi, Dik." Haka masoya ke kiran juna a can: Mas, wato yaya, Dik, wato ƙanwa.

Ta aure shi. Shekara goma sha takwas tana tsaye a dandamali da jan kebul, shi yana can baya yana gyara mata murya.

Sai ta tafi Taiwan aikin kula da wata tsohuwa, don 'yarsu Ningrum ta samu ta yi karatun jinya. Shekara biyu aka ce, ga shi an shiga ta bakwai. Suna magana a salula kusan kullum, amma a can muryarta ƙarama ce, kamar daga cikin gwangwani. Abin da yake kewa shi ne ya ɗaga maɓalli da ɗan yatsa ya ji ta cika rumfa. Kewar nan tana cinsa ƙwarai, ba ya kuma ɓoyewa. Jan kebul yana rataye a ƙusa a ɗakinsu, mawaƙiya ko ta ina ta fito ba ta isa ta taɓa shi ba. Gimun mai kiɗa, abokinsa tun ƙuruciya, yakan leƙa ya ce, "Ka dai ba shi abinci yau ko?"

Da aka sa ranar auren Ningrum, ciwon tsohuwar ya tsananta, hutu bai samu ba. Ningrum ta yi kukanta ta share hawaye, ta ce, "Pak, ba na son komai, in dai ji Ibu, uwata, ta yi mini waƙa a gaban mutane." Aka shirya Warsini za ta kira in tsohuwar ta yi barcin rana, abin da ba ya wuce minti ashirin.

Bakin salula ƙarami ne, dole Darmaji ya sayo ɗan mahaɗi na roba a kanti, ya jona shi da jan kebul. Bai gwada ba. Mutumin da ko makirfon liman sai ya gwada sau uku, ya ƙudura a ransa babu muryar da za ta bi ta kebul ɗin nan kafin ta mai shi.

Ranar biki rumfa ta cika, ana ta zuba baƙar miyar nama da suke kira rawon a kan shinkafa, amarya da ango suna zaune a kan kujerarsu. Sha biyu da rabi salula ta yi ƙara. Ga fuskar Warsini a wani ɗan kicin, ta yi kwalliya, ta ɗora rigar biki a kan ta aiki.

"Ta yi barci, Mas. Yi sauri."

Ya jona, ya ɗaga maɓalli. Bakinta yana motsi, lasifikoki shiru, sai wani siririn huci. Ya ƙara ɗagawa, babu. Ningrum ta juyo tana kallonsa.

Gimun ya sunkuyo ya ce, "Ko dai gaba take yi da kai?"

Nan take ya gane. Salula murya ɗaya take zubawa a jijiyoyin biyu, iri ɗaya sak. Miksa ta ɗauki muryar Warsini a matsayin ƙugi ta zubar. Shi da ya koya wa rabin gari wannan karatu.

Magani ɗaya ne, a bar jijiya guda ta kai muryar. Mahaɗin roba ba ya buɗuwa. Kawunan jan kebul shi da kansa ya ɗure su tun yana saurayi. Sauran kebul duk suna ƙarƙashin kafet, baƙi suna kai. Ya jona ƙarfen dalma a wuta, ya zaro salula daga mahaɗi.

"Jira ni minti uku, Dik."

"Kai shekara bakwai kake jira, ni minti uku ne za su gagare ni?"

Ya ɗauki filaya ya datse kan jan kebul. Gimun, da bakinsa ba ya rufuwa, ya kau da kai. Darmaji ya feƙe, ya ciro sabon kai daga aljihu, ya liƙa jijiya ɗaya da ragar, ɗayar ya toshe ta. Dalmar ta kama. Ya mayar da komai ya ɗaga maɓalli.

Muryar ta cika rumfa har bakin titi. Mata suka tsaya da ludayi a hannu. Ningrum ta rufe fuska, kwalliyar da aka yi awa uku ana yi ta tafi. Darmaji bai kalli kowa ba, ɗan yatsansa yana kan maɓalli, yana rage kaifi kaɗan kamar yadda take so.

Baiti biyu ta yi, sai aka ji ƙararrawa daga can, tsohuwa ta farka.

"Nduk, 'yata, Allah ya ba ku zaman lafiya," in ji Warsini da sauri. Sannan ta ce, a cikin lasifika, kowa yana ji, "Mas, da wane kebul ka sa ni?"

"Da naki."

"Na sani. Ko ɗigon ƙugi babu."

Layin ya yanke.

Da la'asar, ana kwashe kujeru, ya tsinci tsohon kan a ƙarƙashin teburi ya sa a aljihun riga. Da ya koma gida, kafin ya ci komai, ya cire kan da ya liƙa da rana, ya mayar da jijiyoyin biyu yadda makirfo ke buƙata. Kebul ɗin ya ragu da taƙi guda. Ya shimfiɗa shi a tsakar gida, ya ƙirga takun da ya saba yi daga miksa zuwa inda take tsayawa. Zai kai. Ya naɗe shi, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, ya mayar a ƙusa.