Ƙwai Biyar da Suka Tsage a Jirgin Kasuwa

Ranar wata kasuwar Yauri ce, cikin damanar shekarar da nake aji huɗu a firamare, na tsaya bakin gulbi tare da Inna muna jiran jirgin da ke kwaso 'yan kasuwa daga wajen Ngaski. Ya iso a makare, mutanen ciki jiƙe sharkaf, don iska ta same su a tsakiyar ruwa. Mai jirgi ya miƙo mana wata ƙwarya ɗaure da tsumma yana kau da kai, kuma tun kafin Inna ta kwance na ga gwaiduwa tana ɗiga ta gefe. Ashe da jirgi ya fara tangaɗi, wani bawan Allah ya aza kwandon bandarsa a kan ƙwaryar don kada kifinsa ya jiƙe. Har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci, alhali ko fuskarsa ban sani ba.

Ba ƙwan ci ba ne. A danginmu uwa kan ba ɗiyarta kaza daga cikin nata ranar da za ta tare, kuma kajin Kaka jajaye ne masu tukku a ka, duk ƙauyen babu irinsu. Kaka ta rasu, sannan ciwon kaji ya shigo ya share akurkin Inna tas. Sauran irin yana gidan Kawu Manu, yayan Inna, can ƙetare, kuma nasa ma sun fara gyangyaɗi suna faɗuwa. Ƙwan da suka yi na ƙarshe ne ya tattara cikin ƙaiƙayin shinkafa ya aiko. Da muka zauna a tsakar gida, Inna ta tsame biyar daga cikin dagwalon, kowane da tsaga kamar zare a jikinsa. Ta daɗe tana kallonsu, ta ce a hankali, "Kulu, kawo kasko, waɗannan ba su ƙyanƙyasuwa." Sai ta shige ɗaki, na san kuka ta tafi yi.

Ni kuwa tun ina ƙarama an san ni da taurin kai, kasko dai ban kawo ba. Na sha zama kusa da Baba yana gyaran kwalekwalensa, yana bin tsaga da auduga yana shafe ta da kwalta, jirgin da aka fid da rai da shi ya koma ruwa. Na ce a raina, in itace ya liƙu, me zai hana ƙwai? Na same shi ƙarƙashin mangwaro yana ɗinkin taru, na roƙi kwalta. Ya yi dariya har da buga cinya. "Ɗiyata, ƙwai shina numfashi, kwalta kashe shi za ta yi." Amma ya ciro ɗan dunƙulen kakin zuma da yake goga wa zare ya ba ni. Na narka shi a murfin gwangwani, na bari ya sha iska, na riƙa ɗiba da gashin kaza ina bin kowace tsaga siriri, harshe a waje.

Saura uwar da za ta yi kwanci. Gwaggo Tumba maƙwabciyarmu tana da wata baƙar kaza mafaɗaciya da ta tsallake ciwon, ta kuma fara zaman gurbi. A wurinmu in ka ari kazar kwanci, mai kaza ke fara zaɓa cikin 'yan tsaki. Gwaggo ta duba ƙwan nan masu faci ta taɓe baki, ta ce ita dai a mayar mata da kazarta da rai. Daga ranar na bar 'yar galagala da carafke. Ana kaɗa ƙararrawar tara ina sheƙawa gida in leƙa akurki, in dawo da haki, 'yan ajinmu na yi mini waƙar "uwar ƙwai". Ina juya kifi a kan banda, ina wanke-wanke, amma kunnena yana can. Ɗaya ya fashe da wani irin wari, na kwashe na canza ciyawa, kazar ta saka mini da sara a hannu. Biyu suka zama baragurbi. Inna ba ta taɓa tambayata ba, sai dai nakan ga sawun takalminta a bakin akurkin.

Wata safiya na ji ɗan kuka siriri. Ɗaya ya fito har ya bushe. Ɗayan ya huda ɓawo amma ya maƙale daidai inda na shafa kaki, bakinsa na motsi. Na durƙusa na riƙa ɓamɓare kakin da farce kaɗan-kaɗan har ya zubo tafina, jiƙe, ga ɗan tudun tukku a kansa. Da suka tasa Gwaggo ta zaɓi ƙaƙƙarfan, ya zama zakara mai cika unguwa da cara. Raunanniyar ta zama tamu, na yi ta haƙo mata gara ina korar shirwa har ta zama ja jawur. Kowa ya shigo gidanmu sai Inna ta nuna ta, ta ce, "Kulu ta ɗinke ta da hannunta." Wallahi kaina har kumbura yake yi.

Kajin Kawu Manu ba wadda ta rayu. Bayan shekara, ni Inna ta aika in kai masa ƙwan jikokin kajin uwarsa, ƙwarya a kan cinyata tun daga Yauri, kuma duk wanda ya matso da kwando sai na harare shi. Kawu ya buɗe, ya dafa kaina.

Yanzu 'yan tsaki a kwali suke zuwa mana cikin mota, inji ya ƙyanƙyashe su, farare iri ɗaya, in ɗaya ya mutu a sayi wani. Ina kiwonsu, suna kuma girma da wuri. Amma babu ko ɗaya da zan iya faɗa maka uwarsa.